Muhawara: Gululu da tsingaro ma tarihi ne

Ɗan Dala: Jama'a, raina a ɓace yake. Ana haƙa harsashin gini a unguwarmu cikin birni, leburori suka tono gululu, tsingaron tukwane, kashin maƙera da dutsen niƙa da ya yi rami don aiki. Aka loda a tifa aka zubar. Waɗannan fa su ne shaidar yadda talakawan Kano suka ci guminsu. Inda ka ga gululu an yi kaɗi, inda ka ga kashin maƙera an hura zuga-zugi. Mun haddace sunayen sarakuna, amma matan da suka kaɗa zaren tufafin da Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike, ya tarar a Kano a 1851, wa ke ambatonsu?

'Yar Soron Ɗinki: Talakawa kuma? Malam, gyara kalamanka. Kakata da mazari a hannu ta tsufa, kuma gidan sarauta ta fito.

Ɗan Sawaba: Hajiya, talaka ba matsiyaci ba ne. Duk wanda ba ya cikin sarauta talaka ne, ko da attajirin kasuwar Kurmi ne.

'Yar Soron Ɗinki: To kakar tawa fa? Ka amsa.

Jikan Dogari: An fara ke nan. Kurmin da kake faɗa wa ya kafa ta? Muhammadu Rumfa. Ba don sarki ba, ina masaƙi zai kai hajarsa?

Ɗan Sawaba: Da hannunsa ya rina? Su wa suka faɗa karofin Ƙofar Mata? Kun manta haraji da jangali, mu ba mu manta ba.

Bakatsine: Ku Kanawa komai ku ne. Hasumiyar Gobarau tana tsaye, mu ba sai mun tona ƙasa ba.

Jikan Dogari: Wa ya kasa da kai?

Ɗan Dala: Don Allah ku dawo. An narka tama a Dala tun ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin ganuwa. Ni so nake in an tono irin wannan a kai Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi.

Bakatsine: Ka janye maganarka, Jikan Dogari, ko in fita.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka cim ma: kaɗi sana'ar kowa ce har da gidan sarauta, kamar yadda Hajiya ta tabbatar, kuma Kurmi aikin Rumfa ne. Ɗan Sawaba ya daina kawo mana siyasa.