Sayen sandar banila da arha don haɗa ruwan ƙamshi a gida

Shawara ga masu yin kek da cincin ita ce: a sayi sandar banila, wato busasshen kwanson tsiron banila mai ƙamshi, da awo, kada a saye ta ɗai-ɗai. Sanda biyu a kwalbar kanti tsada ce kawai. Gara mutum huɗu ko biyar su yi karo-karo, su yi odar giram 250 ta intanet, su raba. Ta Madagaska ce aka fi sani, amma ta Yuganda ma tana da ƙamshi sosai.

A nemi mai daraja ta biyu, wato B. Ta fi bushewa, ba ta da kyan gani, shi ya sa take da sauƙin kuɗi, kuma jiƙa ta za a yi, kyau ba ya cikin lissafi.

Awon shi ne giram 100 na sanda a lita ɗaya ta ruwan jiƙo. Galibi da barasa ake jiƙa ta, amma tunda ba a son barasa, a haɗa giliserin na abinci (wani ruwa mai kauri da zaƙi) kashi uku da ruwa kashi ɗaya. A tsaga kowace sanda a tsaye, a yanka gunduwa-gunduwa, a zuba a kwalba, ruwan ya rufe ta gaba ɗaya; duk guntun da ya leƙo sama shi ke yin fumfuna. A girgiza kwalbar duk mako, a jira wata shida zuwa shekara, don giliserin ba ya saurin janyo ƙamshi.

Farin ƙyalli kamar gishiri a jikin sanda ba lalacewa ba ne. Fari mai gashi-gashi da warin rima kuwa, a zubar. Kada a sa sandar da ta rage a firji, kuma lokacin hunturu a ɗaure ledar sosai kar iska ta busar da ita.