Wai duk ƙungiyar rok da ta sa hannu da babban kamfani ta sayar da kanta?

Mai Jita: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, duk ƙungiyar rok ko hadko (wato hardcore, nau'in rok mai sauri da zafi) da ta taso a Amurka da ƙafarta sannan ta je ta sa hannu da babban kamfanin waƙa, to ta sayar da kanta. Ku dubi Fugazi mana, daga 1987 zuwa 2002 sun yi wasa sama da 1,000, tikitinsu yawanci dala 5 ne, yaro da babba kowa ya shiga, ko riga ba sa sayarwa a wajen wasa, faifansu kuma a Dischord suke fitarwa, kamfanin da Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a Washinton a 1980 suna samari. Manyan kamfanoni sun bi su da kuɗi suka ƙi. In su sun iya me ya hana saura?

Anti Bilki: Haba ƙanina, Fugazi nawa ne a duniya? Ka ɗauko wanda ya fi kowa sa'a ka ce kowa ya zama shi. Ian MacKaye ɗin nan na Fugazi fa kamfanin nasa ne, kuma tun zamanin tsohuwar ƙungiyarsa Minor Threat yake da mabiya. Yaran da ke kwana cikin motar kaya daga wannan jiha zuwa waccan, kuɗin mai ma sai an harhaɗa, ka ce kada su karɓi kwantiragi?

Mai Jita: Anti ai shi ma cikin motar ya kwana kafin ya kai nan.

Ɗan Ganga: Ni ina bayan Mai Jita amma ba don maganar mutunci ba, don lissafi. Mutane ba su gane adibas ɗin da kamfani ke bayarwa bashi ne. Za su ba ku kuɗi ku shiga situdiyo, su biya bidiyo, su biya talla, sannan duk a cire daga ɗan kason da ke naku kafin ku ga ko sisi, kuma asalin faifan da aka naɗa ya zama nasu, ku da kuka rubuta kuka kaɗa sai kun nemi izini a kan abinku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙungiyar Jawbreaker sun koma babban kamfanin Geffen a 1995, tsofaffin masoyansu suka juya musu baya, albam ɗin bai yi kasuwa yadda kamfani ya so ba, a 1996 ƙungiyar ta watse. A Dischord kuwa raba riba ake biyu, rabi na kamfani rabi na makaɗa, ko takardar kwantiragi ba sa rubutawa.

Anti Bilki: To Nirvana fa? Albam ɗinsu na farko a ƙaramin kamfanin Sub Pop da kusan dala 600 aka naɗe shi, ya fito a 1989. Da sun tsaya nan da mu da muke wata nahiya ba mu taɓa jin su ba wallahi. Suka koma babban kamfanin DGC a 1991 duniya ta ji su, kuma sanadin su matasa da yawa suka koma baya suna tonon ƙananan ƙungiyoyin da su Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, ke yawan ambata a hira. Wannan ba taimakon harkar ba ne?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Na karanta duka, ku ba ni dama in ɗan tsawaita. Akwai wani ɗakin wasa a Berkeley ta Kalifoniya, 924 Gilman, an buɗe shi ƙarshen 1986, 'yan sa-kai ne ke gudanar da shi, ba giya, ba faɗa, ba wariyar launin fata, kuma ba a yarda ƙungiyar da ke ƙarƙashin babban kamfani ta hau dandamalinsu. A nan Green Day suka girma. Da suka bar ƙaramin kamfanin Lookout suka koma babban kamfanin Reprise sai ƙofar ta rufe musu, albam ɗinsu na 1994 ya sayar da sama da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai amma ɗan ɗakin nan ya ce ba da mu ba. Ni ban ga laifin ɗakin ba, ban kuma ga laifin yaran ba. Ɗakin yana kare gurbin da ƙaramin yaro zai hau ya yi ihunsa na minti biyu gaban mutum 50 ba tare da wani ya tambaye shi ko waƙar za ta shiga rediyo ba, in manya suka cika wajen yaron nan ina zai je? Su kuma Green Day sun fi ƙarfin ɗakin, mutanen da ke son ganinsu ba za su shiga ciki ba. Kuma a 2015 sun dawo sun yi wasan tara kuɗin taimako a wajen, to wanda ya sayar da kansa ba na jin zai waiwayo haka.

Mai Jita: Malam da girmanka, amma ai a shekarar nan ta 1994 Offspring suka fitar da nasu a Epitaph, kamfani mai zaman kansa, ya sayar da sama da miliyan 11 a duniya. Ka ga ke nan ana iya kaiwa can ba tare da manyan ba.

Malam Sabo: Gaskiya ne ɗana. Sai dai albam ɗinsu na gaba a babban kamfanin Columbia ya fito, ka tambayi kanka dalili.

Anti Bilki: Yauwa Malam! Sannan ma wa ya ce ƙaramin kamfani waliyyi ne? Sub Pop ɗin da ake ta yabo a 1995 suka sayar wa babban kamfanin Warner kashi 49 cikin 100 na kamfanin. Kalmar mai zaman kansa ɗin ma sai ka bincika wa ke rarraba musu kaya.

Ɗan Ganga: Anti wannan kam kin kama ni. Amma a yau abin ya canza fa, yanzu yaro zai naɗi waƙa da kwamfuta a ɗakinsa ya ɗora a shafin sayar da waƙa na Bandcamp, su cire kashi 15 da ɗan cajin biyan kuɗi sauran nasa ne, abin da ke kashe su shi ne Spotify, saurare ɗaya bai kai santi ɗaya ba, kuma daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta samun komai, alhali ƙananan 'yan hadko da yawa ba sa kai wannan adadin. Shi ya sa riga da faifan garmaho a teburin bakin ƙofa su ke ciyar da su, wasu ɗakunan wasan ma sai sun yanki kasonsu a kuɗin rigar.

Mai Jita: To kun gani, ko rigar da Fugazi suka ƙi sayarwa yau ita ce abincin yara. Na yarda zamani ya juya. Amma batun mallakar faifai ba zan sassauta ba, in za ka sa hannu ka tabbata abinka zai dawo hannunka bayan wasu shekaru.

Anti Bilki: A wannan muna tare. Amma kalmar sayar da kai ɗin nan ka janye ta. Turnstile 'yan Baltimore suna kamfanin Roadrunner, wanda yake ƙarƙashin Warner, har takarar Grammy sun shiga, kuma je ka kalli bidiyon wasansu, har yanzu yara na hawa dandamali suna dirowa kan jama'a, mawaƙin na miƙa musu makirufo suna amshi.

Mai Jita: Ban janye ba tukuna Anti. A nuna min kwantiraginsu tukun, in faifan nasu ne zan janye a gaban kowa.

Malam Sabo: Kwantiragi ai ba a fito da shi fili, ɗana. Abin da za ka iya dubawa shi ne su wa suke ɗauka su buɗe musu wasa in sun fita rangadi, ƙananan ƙungiyoyin garinsu ne ko waɗanda kamfani ya haɗa su da su. Ka duba wannan ka dawo mana da abin da ka gani.