Neman asalin kakanmu manomi ta takardun ƙidaya

Ɗan Gona: Salam jama'a, dan Allah ina neman asalin kakanmu ne, manomin gyaɗa ne a ƙasar Kano, shin takardun ƙidayar 1952 ko 1963 zasu nunamin sunansa? Abin na damuna sosai wlh.

Baba Malam: Wslm ɗana, abinda aka buga na ƙidayar yawan mutane ne ba sunaye ba. Ka fara da gidan dagacin garinku, su ne ke karɓar haraji gida gida kafin Abubakar Rimi ya soke shi a 1979, sannan ka leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa dake Kaduna.

Yaya Hajara: Ƙanina ka hanzarta ka zauna da tsofaffin gidanku musamman gwaggonni, ka naɗi muryarsu a waya, tamu ta rasu bamu tambayeta komai ba har yau ina nadama.