Kwamfuta ce ke zaɓa wa soja abin da zai harba?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ajin ƙarshe a sashen kwamfuta a jami'ar ATBU ta Bauchi, kuma aikin kammala karatuna a kan manhajar da ke taimaka wa sojojin kare sararin sama ne. Idan jirage ko rokoki da yawa suka taso lokaci guda, ita ce za ta jera su daga mafi haɗari zuwa ƙasa, sannan ta ba da shawarar makamin da za a tura wa kowanne. Lissafin rabon makaman na fara gane shi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, me ake dubawa kafin a ce wannan ya fi wancan haɗari? Kuma wa ke da ta cewa a ƙarshe, na'ura ko mutum? Don Allah masu sani su taimaka.

Baba Saje Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni ba ɗan boko ba ne, amma na ci kaki a ɓangaren atilare, yanzu ina zaune kusa da Shadawanka ina kiwon awaki.

Tambaya biyu ake yi wa duk abin da ya bayyana a allon rada. Ta farko, zai iya yi mana ɓarna? Nan za a duba irinsa, gudunsa, tsayinsa a sama, da daƙiƙun da suka rage kafin ya iso. Ta biyu, yana da niyyar yi? Ina ya dosa, yana kan hanyar jiragen fasinja ko ya kauce, ya amsa kiran rediyo, na'urarsa ta shaida cewa namu ne ko ta yi gum. Sai a haɗa da darajar abin da kake karewa, don ma'ajiyar makamai da fili mai ciyawa ba ɗaya ba ne.

Ta farko awo ce, na'ura ta fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Abin da ke gudun mita 300 a daƙiƙa, ka hango shi daga kilomita 30, daƙiƙa 100 kacal gare ka. Kafin ka gama salati ka ɗauki waya rabi ya tafi. Ta biyu kuwa karanta zuciyar mutum ce daga ɗigon haske a gilashi, kuma a nan ake yin aika-aika.

Je ka karanta labarin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes. Ranar 3 ga Yuli 1988 ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya tashi daga Bandar Abbas zai je Dubai, mutum 290 suka rasu. Vincennes ɗin yana ɗauke da Aegis, tsarin rada da sarrafa makamai da a lokacin ake ji da shi. Da aka duba bayanan na'urar daga baya, ta nuna jirgin hawa yake yi, amma mutanen ɗakin rada suka kai wa kwamanda rahoton cewa saukowa yake kansu kamar jirgin yaƙi. Me ya sa? Shekara ɗaya kafin nan, a 1987, makamai masu linzami biyu na Iraƙi sun daki wani jirginsu, Stark, sojoji 37 suka mutu ba a harba ko ɗaya don tare su ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. To ka saka wannan tsoron a lissafinka in za ka iya.

Malama Lissafi, Gombe:
Baba Saje, Allah ya ƙara girma, ka gama magana a kan tantancewa. Bari in taɓa rabon, don kada ɗalibinmu ya raina shi. Tun 1958 wani masani, Alan Manne, ya rubuta matsalar a lissafe, a 1986 kuma aka tabbatar tana cikin masu wuyar nan da ba a san gajeriyar hanyar warware su ba. Makamai 10 da abin hari 10 kawai, hanyoyin rabo biliyan 10 ne. Shi ya sa ake haƙura da amsa mai kyau da ta zo da wuri.

Gwada wannan: idan makami ɗaya na da damar kashi 80 cikin 100 ya samu, biyu za su kai ka kashi 96. Na biyun 16 kawai ya ƙara maka, alhali da ka tura shi ga wani harin da 80 zai ba ka. Amma idan na farkon asibiti ya dosa fa? Iron Dome, tsarin tare rokoki na Isra'ila da ya fara aiki a 2011, yana lissafa inda roka za ta faɗi, in daji ne ya ƙyale ta. Ka kuma ajiye harsashi don zagaye na biyu, yawancin ɗalibai nan suke mantawa.

Abu Khadija:
Ni duk wannan bai kwantar min da hankali ba. Rann a Janairun 2017, sansanin 'yan gudun hijira aka jefa wa bam. Tudun Biri a Disambar 2023, masu Mauludi ne jirgi marar matuƙi ya hallaka, sama da mutum 80. Yanzu kuma a ce kwamfuta ta riƙa ba da shawara? Gobe sai a ce laifin na'ura ne, shi ke nan an rufe magana.

Baba Saje Mai Ritaya:
Malam Abu Khadija, Allah ya jiƙansu. Waɗancan hari ne daga sama zuwa ƙasa, aikin yaron nan tare abin da ke zuwa ne, amma ciwon ɗaya ne: an yanke hukunci kafin a san ko su waye. Tsoronka ma yana kan hanya. A 2003 a yaƙin Iraƙi, tsarin kare sararin sama na Amurka mai suna Patriot ya ɗauki jirgin yaƙin Tornado na Birtaniya a matsayin makamin abokan gaba, aka harbo shi, sojoji biyun da ke ciki suka mutu. A can an yarda da na'ura fiye da kima, a Vincennes an ƙi ganin abin da take nunawa. Ni dai ra'ayina, izinin harbi ya tsaya a hannun hafsa mai suna da lamba, wanda gobe za a iya tsayar da shi gaban kwamitin bincike.

Ɗana, kada manhajarka ta tsaya ga fito da ja da kore. Ta rubuta dalili a gefe, gajere: gudu kaza, bai amsa ba, amma yana kan hanyar fasinja kuma hawa yake. Ta kuma iya cewa "ban tantance ba". Sannan ta adana duk abin da ta nuna da wanda ya danna, da lokacin.

Ɗan Yelwa:
Na gode Baba, na gode Malama. Zan ƙara rukuni na uku na waɗanda ba a tantance ba, kuma a gwajin zan cusa jirgin fasinja ɗaya cikin masu kawo hari in ga inda za ta jera shi. Malama, lissafin zagaye na biyun nan, in turo miki a nan ko ta akwatin saƙo?