Cajar haɗin gida ko otomatik? Ku ba ni shawara kan sabon batir

Mai Shagon Caji: Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon cajin waya a Tudun Wada nan Gusau, na lallaɓa na sayi batir mai ruwa 200Ah. Wuta ba ta zuwa sai tsakar dare, so nake in jona shi in kulle shago in tafi gida. Wani mai gyaran rediyo ya ce zai haɗa min caja dubu 25 amma ba ta yanke kanta, otomatik kuma an ce min dubu 55. Wace zan saya, kuma ba matsala in bar shi a rufe har safe?

Ɗan Kaura: Sayar da shi ka sa sola da litiyom ka huta.

Mai Shagon Caji: Yallaɓai da ina da kuɗin litiyom ai ba ka gan ni nan ba.

Baban Ikram: Ɗan'uwa don Allah kada ka rufe batir a ɗaki yana caji. Ƙanena irin sana'arka yake a Talata Mafara, kwantena ce ko taga babu, cajar haɗin gida ya jona ya tafi. Da asuba ya buɗe ya ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, batir na ta ɓararraka ya yi zafi ba ya taɓuwa, maimakon ya kashe soket sai ya fizge wayar daga kan batir, tartsatsi ɗaya kawai ya fita. Maƙwabta sun ɗauka harbi ne, wasu har sun fara gudu. Saman batirin ya tsage, ruwan ya watsar mai a fuska da ƙirji, rigar nan da muka ɗauko washegari duk ta zama ɓula-ɓula. Allah ya taimaka mai shayi na kusa ya dinga kwarara mai ruwa a ido kafin a kai asibiti, har yau idon hagu dishi-dishi yake gani. Wayoyin mutane da suka lalace kuwa mu muka biya, mai haɗa cajar cewa ya yi shi bai san zancen ba.

Maman Ummi: Innalillahi. Allah ya ƙara sauƙi. Mu namu a ƙarƙashin gado yake wallahi, yau zai fita.

Malamin Fasaha: Abin da ya faru shi ne in batir ya cika aka ci gaba da ɗura mai wuta, ruwan ciki yana rabewa ya fitar da iskar haidurojin, ita ba ta da wari ma, kuma ƙaramin tartsatsi ko sigari ya isa ya tayar da ita. Batir 200Ah kada cajarsa ta wuce am 20, wato kashi ɗaya cikin goma na 200 ɗin. Otomatik tana kai shi wajen bolt 14.4 sai ta sauko 13.6 ta riƙe shi a nan, ta haɗin gida ba ruwanta turawa kawai take. Wajen jonawa ja a kan mai alamar +, baƙi a ɗayan, sannan ka kunna soket. Wajen cirewa soket za ka fara kashewa. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, balle da zafin watan Afrilu na garin nan.

Usta Makanike: Duk turanci ne. Tun kafin a haifi wasunku nake cajin batir a gareji da cajar haɗin gida ko ɗaya bai taɓa fashe min ba. Ka sassauta marafan, in ya yi sanyi ka ƙara mai asid ya farfaɗo.

Malamin Fasaha: Usta da girmanka, kai a gareji kake, fili ne, kuma kana tsaye a kai. Shi kullewa zai yi. Asid kuma ba a ƙarawa, ruwa ne ke ƙonewa asid ɗin na nan, tataccen ruwan batir ake zubawa ya rufe farantan ciki.

Usta Makanike: Ku na allo ne mu na hannu.

Ɗan Kaura: Ni fiya wata nake zuba ma nawa, abin da na sha shi zai sha 😂

Maman Ummi: Shi ya sa kake ta tallan litiyom ashe ka kashe naka.

Na Sabon Gari: Wai dubu 55? An yi maka tsada, 38 na sayi tawa.

Baban Ikram: Wace shekara? Satin nan na tambaya aka ce 70.

Na Sabon Gari: Wata kila tawa am 10 ce, bari in duba kwalin.

Mai Shagon Caji: To ni dai har yanzu ban ji ba, in na sayi otomatik ɗin zan iya kullewa in tafi?

Direban Gummi: Kafin nan ma ka tabbata batirin sabo ne? Ɗaga shi ka ji. 200Ah na gaske yana kai kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin daɗi. Ni an sayar min da wanda aka wanke aka liƙa sabuwar takarda, bayan ya huta mita ta nuna bolt 12.7 lafiya lau, ina jona fanka da fitila biyu ko awa biyu bai yi ba ya faɗi. Na mayar mai shagon ya ce wai cajata ce ta kashe shi.

Na Sabon Gari: Kullum haka suke cewa, garanti a baki kawai. Ni wata shida aka ce min, da na koma sai aka ce yaron da ya sayar min ya bar aiki.

Mai Shagon Caji: Nawa dai ni kaɗai na sauke shi daga Keke Napep fa.

Ɗan Kaura: Ko dai kai Shago ne ko kuma an yi maka aika-aika.

Direban Gummi: Rasit ɗin na hannunka? A wane layi ka saya?