Shawarwarin da aka bayar kan faɗaɗa makarantu a Kebbi

Jama'a, ga taƙaitaccen abin da aka tattauna. Tunda makarantu irin jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 kullum girma suke, in an zo faɗaɗawa kar a sa hannu sai KUDA, wato hukumar raya birane ta jihar Kebbi, ta duba taswirar, musamman magudanan ruwa, don in damina ta kankama unguwannin kwari ne ke kwana kwasar ruwa da bokiti. Masu gonakin da za a karɓa don faɗaɗawar kuwa an ce su ɗauki hoton bishiyoyinsu da rijiya tun kafin masu awo su iso, saboda dokar filaye ta 1978 abin da ka shuka ko ka gina take biya, ba ƙasar ba. Ni nan na fi ganin muhimmanci wallahi. Sai kuma tashar 'yan acaba, a ware musu wuri nesa da geti.