Gaban motar da nike haɗawa shina rawa, mi na ɓata?

ƊanTudunWada:
Salamu alaikum jama'a. Ni a Gusau nike, walda ce sana'ata, kusan shekara guda kenan ina haɗa mota a gida da hannuna. Tsohuwar Volkswagen ƙirar kunkuru na saya hannun 'yan gwangwan, na jehwa bodin da ya ruɓe na bar ƙasan da inji, na tada sabon bodi da faif da falankin ƙarhe. Baya dai lahiya lau tunda injin can yake. Gaba ne ya hana ni barci. Na ɗaura bututun nan biyu na ƙafar gaba da notinansu huɗu, na sa sabbin boljoyin (gaɓoɓin da tayar gaba ke juyawa a kansu), na ɗan sauke gaban ƙasa don ta yi kyau, tankin mai kuma na maida shi baya. To jiya munka hita gwaji da ƙanena, ina kaiwa 50 sai gaban ya kama tsalle, sitiyari ba nauyi ko kaɗan kuma in na sha kwana bai komowa da kainai sai na maido shi. Sannan notin tsakiya na tayar gaba ta hagu ya ƙi kwancewa har na kusa sa mishi wuta.

Baban Khalifa (Ƙaura):
Wa alaikumus salam. Yaro aje wutar nan tukuna! Notin hagu na motar ga bahago ne, inda kake murɗawa da sunan kwancewa ɗaure shi kake ƙara yi. Juya shi ɗaya ɓarin. Kuma ka yi hankali, wayar sifidomita ta tsakiyar ƙarhen da notin ke ɗaure a kai take hitowa.

Batun tsalle kuwa kai ka jawo. Motar ga tun asali gabanta ba shi da nauyi, tanki da safaya taya su ad danne shi, kai ko ka kwashe su duka ka bar ta kamar jakin da anka yi ma lodi a ƙugu. Cikin bututun nan biyu ba komi ba ne illa ƙarahuna shimfiɗaɗɗu da anka jera, murɗuwarsu ita ce sifirin ɗin, to an yi su ne don nauyin da ka cire. Maida tanki gaba, batir ma in da wuri kai shi can. Iskar taya nawa ka sha? Na san mai faci 30 ko 32 zai buga ma kamar kowace mota, alhali gabanta wajen 18 zuwa 20 take so.

ƊanTudunWada:
Wallahi Baba 32 ne cif. Allah shi ƙara girma.

Injiniya_Jega:
Abin da Baba ya hwaɗi haka yake, amma rashin komowar sitiyari wani ciwo ne daban. Dubi cokalin gaban mashin, ai ba tsaye yake sak ba, ya ɗan kwanta baya, shi ya sa ko ka saki hannu mashin na tahiya miƙe. Mota ma haka, makanikai na ce mishi kasta. Da ka sauke gaba ka bar baya sama sai kwanciyar nan ta ragu. Akwai ɗan ƙarhe mai lanƙwasa da ake sawa bayan bututun ƙasa shi turo shi gaba kaɗan, kai da kake mai walda ba zai gagare ka ba, sai dai kauri shi zama ɗaya dama da hagu in ba haka ba mota ta riƙa ja gehe guda. Ni da so samu ne ma ka maida gaban tsayinshi na da, wa ke sauke mota a irin hanyoyinmu, ramin farko zai cinye ma kwalliyar.

Bayan nan sai awo. Mota a ƙasa kan daɓe, da mai a tanki, ka auna da tef tsakanin tayoyin gaba biyu, ta bakinsu na gaba da ta bakinsu na baya, gaban shi hi matsewa da kamar milimita 2 ko 3. Kar ka auna tana bisa jak.

Sarkin Zolaya:
Malam in ta tashi a kawo ta Argungu lokacin bikin kamun kihi mu hau, amma ni kujerar baya zan zauna kusa da inji inda nauyin yake.

Baban Khalifa (Ƙaura):
Na manta ban tambaye ka ba, tayirod ɗin da ka sa, wato ƙarhen da ke haɗa sitiyari da taya, nata ne ko ƙari ka yi? Don na san halinku masu walda, komi ya gaza tsawo sai ku liƙa mishi guntu.

ƊanTudunWada:
Hmm Baba kamar kana wurin. Dogon ne na iske ya lanƙwashe, na yanke na haɗa da wani.

Baban Khalifa (Ƙaura):
Cire shi yau ɗin ga, kuma kak ka sake ɗaukar ƙanenka cikinta sai ka samu lahiyayye. Ranar da waldar nan ta saki taya guda gabas za ta yi guda yamma, birki bai ceton ka. In babu a Gusau aika Sakkwato ko Kano a nemo ma.

ƊanTudunWada:
Na cire Baba. Notin hagu ma ya kwance da na juya shi baibai, ko ƙarhi ban sa ba. Na aika a duba min tayirod a Kano, gobe in Allah ya kai mu zan hwara yanka wurin tanki a gaba.